Daga “Je Ka Ka Dawo” Zuwa Sa Rana Ta Intanet: Ina Fagge Da Sabon Gari Suka Dosa?

A cikin azumin da ya gabata sai da na taka ƙafata har sau huɗu zuwa wani shagon ɗinki da ke cikin lungunan Fagge, a kan shadda yadi goma da na yanka a Kantin Kwari tun watan Sha'aban bai raba tsakiya ba. A zuwan farko aka auna ni, aka karɓi kafin alƙalami, aka ce in dawo ranar goma ga azumi. Ranar goman na tarar ko almakashi ba a ɗora wa shaddar ba. A zuwa na uku maigidan ya tafi jana'iza, yaransa kuwa babu wanda ya san inda aka kwana. A na huɗu, ana jibi Sallah, na iske mutum bakwai a jere a kan benci ɗaya, kowa ya haɗe rai, kowa kuma ranar aka ce masa ya zo. Telan nan ba maƙaryaci ba ne, na san shi shekara da shekaru, mutum ne mai kunya da ganin girman jama'a. Da na yi masa ƙorafi sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Yallaɓai, a yi mini afuwa, wallahi ni kaina ban san adadin kayan da na karɓa ba.”

Wannan amsa tasa ta tsaya mini a rai, domin kuwa bayan Sallah da 'yan kwanaki wata gwaggona, tsohuwa da ta haura shekara saba'in, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba, ta dawo daga Umara tana ba mu labarin yadda ta shiga Rauda a Masallacin Ma'aiki (SAW) da ke Madina. Jikanta ne ya kama mata gurbi a waya ta manhajar Nusuk, aka ba ta rana da sa'a, ta je a kan lokacinta, aka duba wayar, aka ba ta hanya. “Kai ɗan nan,” in ji ta, “ni da a zuwana na fari sai da aka kusa karya ni a ƙofar nan, sai ga shi wannan karon na shiga kamar 'yar sarki.” Hukumomin Saudiyya sun soma wannan tsari ne a watan Oktoban 2020, lokacin da suka sake buɗe Umara bayan kullen korona, inda a zangon farko mutum 6,000 kacal ake bari a rana, kowa da izinin da ya nema ta manhajar Eatmarna, wadda daga baya Nusuk ta gaje ta a 2022. Annobar ta wuce, amma tsarin neman izinin shiga Rauda ya zauna. To abin tambaya a nan shi ne, idan har ana iya tsara dubun dubatar alhazai masu yare daban-daban kowa ya san sa'arsa, me ya hana tela mai keke uku, ko likita mai ɗakin ganin marasa lafiya guda ɗaya, ya san adadin mutanen da ya ce su zo?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya fahimci cewa abin da ake magana a kai ba wani siddabaru ba ne. Kalanda ce kawai da ke zaune a intanet maimakon a jikin bango. Mai sana'a yana shiga ya rubuta ranakun da yake aiki da sa'o'in da yake buɗe, ya toshe lokutan da ba ya son kowa ya zo, sannan ya faɗi tsawon lokacin da kowane irin aiki yake ci: awon kaya minti 15, ganin likitan haƙori rabin sa'a, zama da lauya sa'a guda. Manhajar sai ta ba shi wani adireshi da zai tura wa abokan hulɗarsa. Duk wanda ya buɗe, guraben da suka rage kaɗai zai gani, ba zai ga sunan kowa ba. Da zarar ya zaɓi ɗaya, ya sa sunansa da lambar wayarsa, gurbin ya rufe ke nan, babu yadda za a yi a ba mutum biyu sa'a ɗaya. Ana gobe ranar saƙo zai shigo masa na tuni. Idan wani uzuri ya taso ya soke, gurbin ya sake buɗewa ga na baya. Wasu manhajojin har kuɗin kafin alƙalami suna karɓa kafin su tabbatar wa mutum da gurbinsa. Iyakacinta ke nan. Aikin da sakatare mai kula yake yi da littafi da biro, shi ne aka miƙa wa na'urar da ba ta barci, ba ta mantuwa, ba ta kuma jin nauyin kowa.

Kamfanin Google ya fito da kalandarsa tun 2006, Microsoft kuma ya fito da tasa manhajar kama gurbi mai suna Bookings a 2016. Amma abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi shahara a wannan fanni a duniya, wato Calendly, ɗan Nijeriya ne ya ƙirƙiro ta. Tope Awotona, haifaffen Legas da iyalinsa suka koma Amurka yana matashi, ya kafa kamfanin a birnin Atlanta a 2013, kuma a 2021 masu zuba jari suka ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 3. Mutumin da ya fito daga ƙasar da ake yi wa shaguɓe da rashin kiyaye lokaci, shi ne ya yi arziki da sayar wa Turawa hanyar kiyaye nasu.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa a majalisa: wai wannan ba al'adarmu ba ce, Bahaushe da ƙafa ya san zumunci da ciniki, kuma tun kaka da kakanni an ce zuwa da kai ya fi aike. A nawa ganin wannan magana rabinta ce gaskiya. Wa ya fi Bahaushe sanin sa rana? Idan magabata suka zauna suka tsayar da ranar ɗaurin aure, ko da wata shida ne a gaba, babu mai ɗaga ta sai da babban dalili, kuma wanda ya makara da minti goma bayan an ce ƙarfe sha ɗaya, sai dai ya tarar ana rabon goro. Ranar suna ba ta gocewa. Mai zuwa kasuwar Wudil ya san Juma'a ce, mai zuwa Dambatta ya san Lahadi ce. Mata masu adashi sun san ranar kwasar kowacce ba tare da takarda ba. Haka nan jirgin alhazai ko na Abuja ba ya jiran kowa a filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma ban taɓa jin attajirin da ya ce zai je “bayan La'asar in Allah ya yarda” alhali tikitinsa ya ce ƙarfe biyu ba. Ashe ke nan muna kiyaye lokaci sarai a duk inda muka san saɓa shi zai jawo mana asara ko abin kunya. Inda muke sakaci shi ne inda asarar take hawa kan wani.

Su kansu unguwannin nan biyu da nake magana a kansu, tarihinsu tarihin baƙo ne da ya zo daga nesa da kwanakinsa a ƙirge. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, Fagge zango ce a bayan ganuwa inda ayarin raƙuman Buzaye da fataken arewa suke sauke kaya, su yi cinikinsu, su juya kafin lokacin tafiya ya ƙwace musu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya zo da agogo da jadawalin tashi da sauka, bayansa da kaɗan, wajen 1913, aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Yau unguwannin biyu suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma ɗaya, ta Fagge, kuma a tsakaninsu ne Kantin Kwari yake, da kasuwar Sabon Gari da ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, da kasuwar Singa, da 'yan canji na Wapa. Ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ko Anaca, kowane kwana ɗaya da ya ƙara a Kano kuɗin masauki ne da na abinci. Idan akwai wurin da ya kamata a ce an fi ko'ina sanin darajar sa'a guda a Arewa, to nan ne.

Amma tsarin da ya yi mana kaka-gida shi ne wanda zan kira tsarin “sai ta cika”. Direban tasha ba ya tashi sai motarsa ta cika, ko da fasinjan farko ya shiga tun da Asuba. Wannan tunani shi ne ya bi mu har cikin asibiti da ofis da shago. A ce wa mutum hamsin su zo da ƙarfe takwas na safe, alhali wanda za su gani mutum ɗaya ne, kuma ba zai iya ganin fiye da biyar ko shida a sa'a ba. Lissafin a fili yake: na ƙarshe ba zai shiga ba sai rana ta yi sanyi. Dalilin da ya sa tsarin ya daɗe shi ne yana yi wa mai wurin daɗi. Layi inshora ce a gare shi, ba zai taɓa zama minti ɗaya babu abokin ciniki ba. Kuɗin inshorar kuwa wanda yake kan benci ne yake biya, da yininsa. Ga kuma wani abu da ba mu cika son faɗa ba: a wurinmu cunkoso a ƙofa alama ce ta isa. Malamin da ba a yi masa layi ba, ko likitan da aka shiga wurinsa kai-tsaye, sai a fara zargin ko bai ƙware ba ne.

A da, ana iya cewa yinin talaka ba shi da tsada. Yau ba haka ba ne. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a farkon 2013, A Daidaita Sahu ce ta zama ƙafar jama'a, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kowane “je ka ka dawo” ya zama rami a aljihu. Matar da ta taso daga Rijiyar Zaki ko Hotoro ko Kurna da yaro a goye, ta sha cunkoson titin Murtala Muhammad ko na Faransa Rod, ta isa ɗakin gwajin jini ko na hoton ciki a Sabon Gari, aka ce mata mai na'urar bai zo ba sai gobe, ba lokaci kaɗai ta yi asara ba, ta yi asarar kuɗin cefanen ranar. Sau da yawa ma ba za ta dawo goben ba. Za ta biya ta kemis a haɗa mata magani, ciwon da ake iya tarewa da wuri ya ci gaba da cin ta a ɓoye. A nan ne maganar ta tashi daga batun jin daɗin 'yan boko ta koma batun rai. Ƙananan asibitoci masu zaman kansu, da likitocin haƙori da na ido, da ɗakunan gwaje-gwaje da suka cika titunan Sabon Gari, su ne a ganina suka fi kowa dacewa da su fara, domin aikinsu a aune yake, sun san minti nawa kowane gwaji yake ci.

Sai dai kuma duk wanda zai yi wa jama'a tallar wannan tsari, wajibi ne ya faɗi abin da muka gani da idonmu a inda gwamnati ta riga ta gwada shi. Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kowane ɗalibi yana fitar da takarda mai ɗauke da cibiyarsa da ranarsa da sa'arsa. A watan Disambar 2020, da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar zama ɗan ƙasa, mun ga yadda jama'a suka yi dafifi a ofisoshin rajista ana tsakiyar annoba, har sai da aka koma ba mutane rana. A watan Janairun 2021 aka ƙaddamar da sayar da tikitin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ta intanet, musamman domin a karya masu saye su ɓoye su sayar da tsada. A shekarar ce kuma Hukumar Shige da Fice ta shigo da tsarin kama ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu ta intanet ga masu neman fasfo. Babu mai musun cewa an samu sauƙi. Amma kowa ya san ɗan ka-yi-na-yi bai mutu ba, ƙaura kawai ya yi. Wanda a da yake tsaye a bakin ƙofa yana sayar da lambar layi, yau yana zaune a gaban kwamfuta yana sayar da gurbi. Kuma wannan ba halin 'yan Nijeriya ba ne su kaɗai. A Ingila, a shekarun 2023 da 2024, jaridu sun yi ta kawo rahoton yadda wasu suke amfani da manhajoji suna wawure guraben gwajin tuƙin mota, wanda kuɗinsa a hukumance fam 62 ne, su sayar wa masu koyo a kan ninkin-ba-ninkin. Duk inda abin da ake nema ya yi ƙaranci, za a samu mai cin la'ada a kai. Kalanda tana tsara layi ne kawai, ba ta ƙara yawan likitoci.

Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne wa za a bari a baya. Gwaggona ta shiga Rauda ne domin tana da jika mai babbar waya. Wadda ba ta da shi fa? Kusan duk manhajojin nan da Turanci suke magana, kuma suna ɗauka cewa kowa yana da adireshin imel, yana da data, wayarsa da caji. A Fagge akwai dattijon da yake juya miliyoyi a Kwari, yana karanta ajami kamar ruwa, lissafin kansa ya fi na kalkuleta sauri, amma bai taɓa buɗe imel ba, kuma ba shi da niyya. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, Bahaushe da murya ya karɓe ta, ba da rubutu ba. Shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya zama babbar hanyar ciniki a kasuwanninmu, har masu atamfa da leshi suna tura hoto a yi ciniki a gama ba a ga juna ba, musamman tun da aka fito da WhatsApp Business a 2018. Idan aka ce ba a ganin likita sai ta shafin intanet, to an mayar da tsohuwa da ɗan ƙauye hannun mai shagon kwamfuta, su biya kuɗi kafin su biya kuɗi.

Maganin wannan ba mai wuya ba ne, in da niyya. Kalandar ta zama guda ɗaya, amma ƙofofin shigarta su zama da yawa. Mai babbar waya ya kama gurbinsa da kansa cikin dare. Mai ƙaramar waya ya bugo, yaron shago ko ma'aikaciyar karɓar baƙi ta shigar da shi nan take ta faɗa masa sa'arsa. Wanda ya zo da ƙafa a duba a ba shi gurbi mafi kusa, a kuma ware wani kaso na kowace rana domin irinsu da masu larurar gaggawa. Saƙon tuni ya zo da Hausa, in da hali ma da murya. Bankuna sun riga sun nuna mana cewa ana iya aika kuɗi da 'yar ƙaramar waya ta hanyar danna lambobi, ba tare da intanet ba. Kuma wahalar ƙarancin takardun kuɗi ta farkon 2023 ta koya wa mai shayi da mai nama karɓar tiransifa cikin 'yan makonni. Mutanenmu ba sa ƙin sabon abu, abin da suke ƙi shi ne sabon abin da bai san da zamansu ba. Ina matasanmu da suka karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da ta Wudil? Ga aiki a ƙofar gida.

Domin kuwa akwai abubuwan da manhajar da aka ƙera a Atlanta ba za ta taɓa sani ba sai an gaya mata. Ba ta san cewa Bahaushe da salla yake raba yininsa ba, hantsi, Azahar, La'asar, Magariba, kuma lokutan nan suna matsawa da sauyin yanayi. Ba ta san cewa ranar Juma'a daga tsakar rana Fagge takan tsaya cik ba, alhali a tsallaken titi, a Sabon Gari, Lahadi ce ranar da yawancin shaguna suke rufe, masu su suna coci. Unguwa biyu maƙwabta, mako iri biyu. Ba ta san cewa a watan azumi aikin tela da mai lalle yana komawa dare ba, ko cewa ranar Sallah ba ta tabbata sai an ga wata Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa, ta yadda kwana ɗaya tak, tsakanin 29 da 30, yana iya rushe lissafin shago gaba ɗaya. Uwa-uba ba ta san jana'iza ba. A wurinmu idan aka yi rasuwa da safe, kafin Azahar an kai mamaci makwancinsa, kuma babu wata kalanda da za ta hana mutum rufe shago ya tafi. Amma a nan ɗin ma tsarin yana da rana: maimakon mutum goma su yi tattaki su tarar da ƙofa a garƙame, saƙo ɗaya ya ishe su, kowa ya yi addu'a daga inda yake ya zaɓi wata ranar.

Su ma masu sana'a suna da nasu kukan, kuma kuka ne na gaskiya. Wata mai yi wa amare lalle da kwalliya ta taɓa ce mini, “Malam, ni fa na gwada ba mutane lokaci. Sai in hana wata, in zauna ina jiran wadda ta ce ƙarfe goma, ita kuwa sai bayan Azahar za ta shigo da ƙawaye shida, ko ma ba za ta zo ba sam, kuma ba za ta bugo ba.” Wannan ciwo har ƙasashen da suka daɗe da tsarin yana damun su. A farkon 2019 hukumar lafiya ta Ingila ta ce fiye da gurabe miliyan 15 ne suke tafiya a banza duk shekara a ƙananan asibitocinta saboda mutane sun kama ba su zo ba. Mu kuwa muna da maganin da ya girmi kwamfuta, wato kafin alƙalami. Wanda ya ajiye ko da naira dubu ɗaya ce, ƙafarsa takan yi sauri. Sai dai adalci ya ce igiyar ta ɗaure ɓangare biyu. Idan abokin ciniki zai yi asarar kuɗinsa don bai zo ba, to mai shagon da ya shanya shi sa'a biyu shi ma ya rage masa wani abu.

Sai babban dutsen da ban san yadda za a ture shi ba, wato alfarma. Ana cikin bin tsari sai ga babbar mota ta tsaya, Alhaji ya fito, ko Hajiya, ko surukin maigida, ko limamin unguwa. Wane yaron shago ne yake da ƙarfin halin da zai dubi sa'an kakansa ya ce masa, “Baba, ba ka da gurbi yau”? Ni ban ce a daina girmama manya ba, Allah ya kiyaye. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin alfarmar da ake yi ba ta tsufa ba ce, ta aljihu ce, tsohuwar da ta zo tun da sassafe ita ake tsallakewa. Wani likita abokina da ya gwada tsarin ya gaya mini dabararsa: yakan bar gurbi biyu a buɗe kowace rana waɗanda ba ya nuna wa kowa, ya sa musu suna “na manya”. In sun zo, ba a tauye kowa ba, in ba su zo ba, ya sha shayi. Dabara ce mai kyau, ko da yake tana nuna cewa cutar tana nan, lulluɓe ta kawai aka yi.

Akwai kuma batun amana. Duk mai karɓar gurbi ta intanet yana tara sunayen mutane da lambobinsu, a asibiti ma har da abin da yake damun su. Lambar matar aure ko budurwa da ta je gwaji, idan ta faɗa hannun yaron da ba shi da tarbiyya, kowa ya san irin fitinar da za ta iya haifarwa a garin nan. Tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, da hukumar da aka ɗora wa alhakin aiwatar da ita, kuma dokar ba ta ce manyan kamfanoni kaɗai ta shafa ba. Sannan a lura, manhajojin waje suna da na kyauta, amma cikakkensu da dala ake biya duk wata, kowa kuwa ya ga yadda naira ta kasance tun da aka sake ta ta nemi darajarta a kasuwa a 2023. Mai ƙaramin shago ya fara da na kyautar, ya ishe shi.

Mu kuma masu karanta wannan shafi, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikata, mu ne muka fi kowa iya zagin “lokacin Bahaushe”, mu ne kuma muka fi kowa shanya mutane. Ɗalibi nawa ne yake yini a ƙofar ofishin malamin da yake duba kundin digirinsa, ba tare da ya san ko malamin yana gari ba? Ɗan fansho nawa ne yake zaune a barandar ofis tun safe, a ce masa Oga yana mitin, alhali sa hannu ɗaya ya kawo shi? Kowannenmu yana da wayar da ta fi ƙarfin wannan aiki a aljihunsa. Mun iya kama gurbin ganawa da ofishin jakadanci wata uku kafin ranar, mu isa ƙofar tun kafin a buɗe. Ba rashin sani ne ya hana mu yi wa na ƙasa da mu irin wannan tsari ba.

Bayan Babbar Sallah na sake komawa wurin telan nan nawa, wannan karon da yadin yara. Na tarar ɗansa, wanda ya gama sakandare yana jiran sakamako, ya karɓe littafin shagon. Sun zauna da mahaifinsa sun ƙirga cewa, da kekunansu uku, in akwai wuta ko man janareto, kaya shida suke iya gamawa a rana, ban da masu aikin wuya. Yaron ya buɗe kalanda a wayarsa, kowace rana gida shida, in ta cika ta cika. Ya duba ya ce mini, “Baba, sai Talata ta sama, bayan La'asar.” Na ce ba za a yi mini alfarma a matso da ita ba? Ya waiwaya ya dubi mahaifinsa. Maigidan ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da taka kekensa. Ranar Litinin da dare saƙo ya shigo wayata cewa riguna biyu sun kammala, ta ukun saura maɓalli, in zo da cikon kuɗi.